Tsamin jiki bayan ɗaga ƙarfe: me ke faruwa a tsoka tsakanin Litinin da Laraba?

Ranar Litinin bayan la'asar wani yaron maƙwabtanmu a unguwar Nima ta Accra ya bi abokansa wurin ɗaga ƙarfe, irin wuraren nan namu na lungu inda ake zuba siminti a gwangwanin fenti a soka sandar ƙarfe, a jera tsofaffin ƙarafan mota kusa da benci ɗaya tal. Ya yi rashin sa'a, ranar ta ƙafa ce. Ya tsuguna ya miƙe da ƙarfe a wuya har lissafi ya ɓace masa, ya dawo gida yana cika baki wai ko gezau. Talata da safe cinyoyin suka ɗan yi nauyi. Laraba kuwa sai da ya dafa bango kafin ya taso daga sujada a sallar asuba, da zai sauka daga tirotiro kuma sai da yaron mota ya riƙe masa hannu kamar wani dattijo.

Da daddare ya same ni a bes muna shan ataya. "Yaya," in ji shi, "ranar da na yi aikin ban ji komai ba. Me ya sa sai yau?" Kafin ya iso wurina ya riga ya sami amsa uku. Mahaifiyarsa ta ce maleriya ce, a je a sayo magani. Mastan da ke lura da wurin ya ce laktik asid ne ya taru, kuma albishir ne, nama ne ke fitowa. Wani abokinsa bai tsaya dogon bayani ba, ya zaro ƙwaya daga aljihu. Na daɗe ina ɗaga ƙarfe, duk amsoshin nan na sha jin su, ta biyun ma na taɓa yaɗa ta da bakina. Abin da ke rikitar da mu shi ne muna haɗa abubuwa daban-daban mu kira su duka "ciwon jiki". Akwai gajiyar da ke kama mutum yana tsaka da aikin. Akwai tsamin da ke bari sai an kwana biyu ya kawo ziyara. Akwai kuma wani na uku mai kama da tsami wanda ke iya kai mutum gadon asibiti.

Gajiya ta fi sauƙin bayani. Tsoka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP, kuma abin da take ajiyewa nasa bai wuce na 'yan daƙiƙu ba. Tana da ɗan asusun gaggawa, fosfokiriyatin, wanda ke riƙe ta kamar daƙiƙa 10 in ana aiki da iyakar ƙarfi. Shi ya sa ɗagawa ta farko da ta biyu ke tafiya sumul, ta takwas kuma hannu ya fara rawa. Asusun nan yana cika kusan gaba ɗaya cikin minti 3 zuwa 5, don haka hutun da ake yi tsakanin seti da seti, wato zubin ɗagawa da na bayansa, yana da dalili, ko da wasu na kallonsa lalaci. Bayan wannan akwai rumbun gilaikojin, wato sukarin da jiki ya tara daga tuwo da shinkafa da doya: wajen giram 400 a tsokoki, wajen giram 100 a hanta, ga babban mutum. Idan aiki ya yi tsawo rumbun ya yi ƙasa, sai ka ji ƙafa ta zama ta wani. A lokaci guda wasu tarkacen aikin, irin su fosfet, suna taruwa cikin zaren tsokar suna rage mata ƙarfin damƙa.

Ƙwaƙwalwa ma tana da hannu. Wani masani ɗan Italiya, Angelo Mosso na birnin Turin, ya ƙera na'ura a ƙarshen ƙarni na 19 da ke auna sau nawa yatsa zai iya jan nauyi kafin ya gaza, ya kuma lura cewa malamin jami'a da ya wuni yana yi wa ɗalibai jarrabawa yatsansa kan gaji da wuri, alhali ba dako ya yi ba. Duk wanda ya wuni a shago a Kantamanto ko a kan babur cikin cunkoson Accra sannan ya zo ya tarar ƙarfen jiya ya ƙara nauyi, ya san wannan a jikinsa. Ga kuma zafinmu. Iskar teku cike take da laima, zufa na zuba amma ba ta bushewa, jiki kuwa da bushewar zufa yake hucewa. A ɗakin kwano marar taga, a watan Fabrairu ko Maris, mutum na iya zubar da lita 1 zuwa 2 cikin awa guda. Da zarar ruwan da ya fita ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum, wato kilo 1.4 ga mai kilo 70, juriya ta fara raguwa. Irin wannan gajiyar dai abinci da ruwa da barci ne maganinta, yawanci kafin gobe war haka ta wuce.

Sai maganar Masta. Ban ga laifinsa sosai ba, domin har a littattafan makaranta an daɗe ana koyar da ita, kuma a Hausa ta fi shiga kunne: mu da ke cewa jiki ya yi tsami, sai ga wani ya ce ai asid ne, kuma asid ɗin nono. Gaskiya ne, a nono mai tsami aka fara gano shi, wani masanin sinadarai a Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, a 1780. Daga baya aka same shi a tsokar dabbobin da aka gajiyar wajen farauta. A. V. Hill na Ingila da Otto Meyerhof na Jamus suka sami kyautar Nobel ta 1922 kan binciken yadda tsoka ke aiki, galibi da tsokar kwaɗi, kuma daga wannan zamani sunan laktik asid ya manne da gajiya. Mutane suka ɗora da kansu: tunda yana nan lokacin da tsoka ke zafi, to shi ne ke kwana a ciki ya hana mutum ruku'u.

Lissafin lokaci kaɗai ya isa ya rushe wannan. Laktet, sunan da ya fi dacewa da abin da ke cikin jini, yana komawa yadda yake cikin kusan awa guda bayan an ajiye ƙarfe. Zuciya na ƙona shi, sauran tsokoki na ƙona shi, hanta na mayar da shi sukari. Abin da ya bar jini tun kafin isha'in Litinin, ta yaya zai hana sujada ranar Laraba? A 1983 wasu masu bincike a Amurka suka sa mutane gudun minti 45 a kan injin gudu, sau ɗaya a miƙe, sau ɗaya a gangare. A miƙe laktet ya hau, amma ba wani tsami da ya biyo baya. A gangare laktet bai hau ba, tsami kuwa ya zo ya yi kwanaki. Raɗaɗin da kake ji a ɗagawa ta goma yana da alaƙa da sinadaran da ke taruwa a lokacin, wannan kam Masta ya yi kusa da gaskiya. Na kwana biyu baya kuwa labarinsa daban.

Ba sai mun je Amurka ba. Masu fita atisayen safiyar Asabar, waɗanda ke tashi daga Ayi Mensah su hau dutse zuwa Peduase a hanyar Aburi, su tambayi kansu. Hawan ne ke sa haki, ke sa a ce yau sai an mutu. Amma wanda ya sauko a guje don ya riga abokai zuwa mota, shi ne ranar Litinin zai riƙa saukowa daga bene a kaikaice.

Sirrin yana wajen saukewa. Idan ka ɗaga dambel zuwa kafaɗa, damtse na tattarewa yana ja. Idan kana sauke shi a hankali, damtsen na miƙewa alhali yana riƙe da kayan, kamar direban da ke gangara yana taka birki. Haka cinya take yi lokacin da kake tsugunawa, da lokacin da kake gangara dutse. A wannan aikin na birki jiki kan tura zaren tsoka kaɗan su riƙe nauyin da da yawa suka ɗaga. Kamar a ce ƙarti goma suka ɗora buhu a mota, wajen saukewa aka bar wa biyar. Kowane zare sai ya ɗauki fiye da rabonsa yana kuma miƙewa, mafi rauni a cikinsu su ɓarke. Tun a 1902 wani masani Ba'amurke, Theodore Hough, ya yi hasashen cewa ƙananan yagewa ne cikin tsoka ke jawo wannan ciwon. A 1981 masu bincike a Suwidin suka sa mutane saukowa daga bene a guje, suka ɗebi ɗan tsoka daga ƙafarsu suka duba a madubin ƙara girma, suka ga layukan da ya kamata su jeru ƙyam sun karkace sun wargaje. Yagewar ba irin wadda ido ke gani ba ce, kuma ba duk zaren take shafa ba.

To me ya sa ba a ji nan take? Wannan ita ce ainihin tambayar yaron. Ɓarnar kanta ba ta da wani zafi. Gyaran ne ke zuwa da ciwo. Cikin sa'o'i na farko fararen ƙwayoyin jini ke fara isowa wurin, wasu kuma su biyo baya cikin kwana 1 zuwa 3 su share abin da ya lalace. Ruwa na taruwa, wurin ya ɗan kumbura, ana kuma sakin wasu sinadarai da ke sa jijiyoyin jin zafi su zama masu saurin fushi. Matsin da jiya ba za ka kula da shi ba, yau sai ka yi ƙara. Yawancin waɗannan jijiyoyi suna cikin tantanin da ke naɗe da tsoka, farin nan da mai tsire ke ɗayewa kafin ya yanka nama, kuma bincike ya nuna tantanin ya fi naman kansa jin wannan zafin. Saboda haka tsamin kan fara tsakanin awa 12 zuwa 24, ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 zuwa 72, ya sake ka cikin kwana 5 zuwa 7. Masu bincike a waya za su gan shi da sunan DOMS, ma'anarsa ciwon tsoka mai zuwa a makare. Alamarsa a bayyane take: in kana kwance shiru ba ka jin komai, sai ka motsa ko an danna wurin, kuma yana nan ne daidai inda ka yi aikin. Ƙarfin tsokar ma na raguwa na 'yan kwanaki, don haka wanda ya farfasa cinyarsa ranar Juma'a kada ya yi mamaki in ƙafa ta ci amanarsa a ƙwallon Lahadi.

Yanzu rabin maganar Masta na biyu, wai nama ne ke fitowa. Wannan ya fi damuna, domin shi ne ke sa yara su raunata kansu. Dubi kayaye a Agbogbloshie ko Makola, yarinya ce za ta ɗora kayan da ni da nake taƙama da ƙarfe sai na yi tunani, ta wuni tana kai da kawowa, gobe ta dawo. Akwai wahala a jikinta, wuya da baya na shan azaba, amma irin tsamin yaronmu ba ya kama ta kullum. Dubi birkila, dubi mahauci, dubi 'yan damben Bukom. Ɗauki kowannensu ka sa shi wani motsi da bai saba ba, jibi za ka ji yana nishi. Tsami na nuna baƙuntar aiki, ko wucewarsa abin da jiki ya sani. Da zarar ka yi sau ɗaya, jiki na gane hanya: in ka maimaita aikin bayan mako ɗaya ko biyu, ciwon ba zai kai na farko ba ko kusa, kuma kariyar kan daɗe makonni har watanni kafin ta dushe. Shi ya sa wanda ya ajiye ƙarfe ya yi tafiyar wata uku yake dawowa kamar sabon shiga.

An ma gwada tambayar kai tsaye. A wani bincike da aka buga a 2011 a Amurka, an shigar da rukuni ɗaya atisaye a hankali yadda ba su yi tsami ba, ɗaya rukunin aka jefa su kai tsaye suka sha ciwo. A ƙarshe ƙarfi da girman tsokarsu suka zo kusan daidai. Wato ciwon bai sayo wa kowa ƙarin nama ba. Cikar da sabon shiga ke gani a madubi a makon farko ma, yawancinta kumburi ne. Kafaɗa ba ta cika tsami ba amma tana girma, mai gudun gangare kuwa yana tsami kullum cinyarsa ba ta zama ta ɗan maco ba. Ni dai abin da nake gaya wa ƙannenmu shi ne su sayi ɗan littafi, su rubuta kilo nawa suka ɗaga, sau nawa. In bayan wata guda lambar ta hau, ana ci gaba, ko an ji tsami ko ba a ji ba. Wanda ke farautar ciwo a kowane zuwa yana ɓata kwanakin da ya kamata ya yi atisaye da su yana ɗingishi, garin neman ƙiba ya samo rama.

Kan batun magani ba ni da labari mai daɗi sosai. Miƙa kafin atisaye ko bayansa tana da nata amfanin, amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kanta a 2011, ragin tsamin da take kawowa bai kai maki 5 cikin 100 ba, abin da mutum ba zai ma lura da shi ba. Tausa na taimakawa, tana cikin 'yan abubuwan da bincike ya ba su gaskiya, in dai ba irin ta mugunta ba ce da ake taka mutum har ya yi salati. Gashi da ruwan ɗumi, man kaɗanya, man zafi, duk suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, ba kuma su da wata illa in ba a ƙona fata ba. Motsi marar nauyi, tafiya a ƙasa ko tuƙa keke, yana sassauta ciwon na wasu sa'o'i sannan ya dawo, amma ya fi kwanciya wuni guda. Shiga ruwan ƙanƙara da ake gani 'yan ƙwallon Turai na yi yana rage ciwo, sai dai a 2015 a Ostareliya an bi wasu matasa na mako 12, waɗanda ke shiga ruwan sanyi na minti 10 bayan kowane atisaye suka sami ƙarancin girman tsoka da ƙarfi idan aka kwatanta da waɗanda suka huce da tuƙa keke a hankali. Ɗan ƙwallon da ke da wasa jibi yana da hujja. Mai neman ƙwanji ba shi da ita.

Ƙwayar aljihun abokin nan ita ce na fi tsoro. Ibufurofen da diklofenak, waɗanda ake saya a shagon magani kamar alewa, suna rage zafi ta hanyar danne kumburi, kumburin kuwa wani ɓangare ne na gyaran. A Cibiyar Karolinska ta Suwidin an ba wasu matasa ibufurofen miligiram 1,200 kullum na mako 8 suna atisaye, girman da cinyarsu ta ƙara ya tsaya kusan rabin na waɗanda aka ba ɗan ƙaramin asfirin. Wannan ƙaramar asara ce ma. Babbar ita ce magungunan nan na cin bangon ciki, musamman in ba a ci abinci ba, suna kuma rage jinin da ke zuwa ƙoda. Haɗa su da jikin da ya zubar da ruwa a ɗakin kwano, ka ɗora wa ƙoda kaya biyu a lokaci guda. In ciwon ya hana barci, farasitamol sau ɗaya ko biyu bisa ƙa'idar da ke jikin kwalin ya fi sauƙi, kada babba ya wuce giram 4 a rana. Taramol kuwa, duk ɗan zango ya san abin da ya yi mana. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana miligiram 50 da 100 ta amince da su, da takardar likita, amma a shekarun 2017 da 2018 da abin ya yi ƙamari, na 120 da 225 da 250 ne ke yawo a hannun matasa. Yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yana danne numfashi, yana kama mutum ya kasa bari. Ga mai ɗaga ƙarfe akwai ƙarin haɗari: ya kashe ƙararrawar da za ta ce masa ya isa haka.

Abinci ba ya goge tsami, amma da shi ake gyaran. Mai atisayen ƙarfe na buƙatar furotin wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato kamar giram 110 ga mai kilo 70. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6, ƙaramin gwangwanin sadin wajen 20. A nan mu 'yan zango mun yi dace, abincinmu ya riga ya haɗa abin da ake nema. Waakye da ƙwai da kifi ko wagashi ya ba ka shinkafar cika rumbu da waken gyaran tsoka a ganye ɗaya. Wele, wato fatar saniya, dai a ci don daɗi, furotin ɗinsa ba mai gina tsoka ba ne sosai. Koko da ƙosai da safe, fura da nono ko burkina bayan atisaye, tuwon zafi da nama da dare. Garin furotin na gwangwani da ake sayarwa da tsada abinci ne kawai da aka busar, wanda ke da kuɗi ya saya, wanda ba shi da su bai rasa wani sirri ba. Ruwa kuwa ga lissafi mai sauƙi: hau sikeli kafin ka fara da bayan ka gama, duk kilo ɗaya da ya ragu ka mayar da lita 1 da rabi a hankali, wato ledar fiya wata uku. Masu azumi su bar aiki mai nauyi sai bayan buɗa-baki.

Barci ne muka fi ci wa amana. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9. Mu kuwa sai mu zauna a bes har ƙarfe ɗayan dare, ataya na zagayawa zubi na uku, sannan a tashi asuba. Kafin rabin sinadarin hana barci da ke cikin shayin ya bar jini sai an yi kamar awa 5. In wuta ta ɗauke fanka ta tsaya kuma, sai dai a kwana ana juyi. Mutum zai kashe kuɗi kan garin gwangwani, awa biyun barcin da ba a biya ko sisi kuwa ya ƙi ba jikinsa. Ita ma tsokar da aka wahalar sosai a ba ta kamar kwana 2 kafin a sake komawa kanta, a yi wani sashen jiki a tsakani.

Na bar amsar mahaifiyarsa ƙarshe don ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. A kan ɗanta ba ta yi daidai ba, amma tsoronta na kan hanya. A ƙasar da maleriya ke farawa da ciwon jiki, bai kamata a ɗora komai a kan ƙarfe ba. Tsamin atisaye ba ya zuwa da zazzaɓi mai zafi, ko rawar sanyi, ko amai, kuma ba ya kama duk gaɓoɓi har da inda ba a yi aiki da shi ba. In waɗannan sun bayyana a je a yi gwaji, ɗigon jini ne a yatsa, cikin minti 20 an sani. Haka kuma ciwon da ya soke ka farat ɗaya kana tsaka da ɗagawa, ko ka ji wani abu ya yi ƙas, ko wurin ya yi baƙi, ko ciwon na cikin gwiwa ko kafaɗa ko ƙashin baya a gefe guda, wannan rauni ne, kada a tausa shi da ƙarfi a ce zai saki.

Na ukun da na ambata tun farko likitoci na taƙaita sunansa da rabdo. A nan zaren tsoka ne ke fashewa da yawa har abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini, musamman wani jan furotin mai suna mayogulobin, wanda ke toshe ƙananan bututun ƙoda. A Landan aka yi fitaccen bayaninsa a 1941, a jikin mutanen da gini ya danne lokacin ruwan bama-bamai, aka ciro su da rai sannan ƙoda ta tsaya bayan kwanaki. Atisaye ma na jawo shi, kuma wanda ya fi kamawa shi ne irin yaronmu: sabon shiga, ko wanda ya daɗe bai zo ba, aka zuga shi ya yi ɗaruruwan maimaici a zafi, ba ruwa, wataƙila da ƙwaya ko giya a ciki. Masu ɗauke da ƙwayar sikila, wato AS, su ƙara kula. A Ghana kusan jarirai 2 cikin 100 ake haifa da cutar kanta, masu ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba kuwa sun ninka haka sau da yawa, da dama ba su ma sani ba. Wani bincike na 2016 kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan 48,000 ya nuna masu ƙwayar sun fi sauran haɗarin rabdo da kashi 54 cikin 100. Hakan bai hana su atisaye ba, sai dai su shiga a hankali, su huta tsakani, su sha ruwa.

Alamominsa su ne ciwon da ya wuce misali ko kana kwance, kumburin da ya sa hannu ya ƙi miƙewa ko cinya ta yi tauri kamar itace, raunin da ya wuce na gajiya, da fitsari mai launin ataya mai kauri ko Coca-Cola, ko fitsarin ya ragu ƙwarai. Wanda ya ga haka kada ya jira gari ya waye, kada kuma ya sha diklofenak. Ya nufi asibiti mafi kusa, mu a Nima da Maamobi ga asibitin sojoji na 37 nan ga asibitin Ridge, na Korle Bu ma ba nisa. Ya faɗa wa likita ƙarara irin atisayen da ya yi da ranar da ya yi shi da duk abin da ya haɗiya, domin gwajin jini da ake kira CK da gwajin fitsari ne ke nuna shi, kuma in an zo da wuri yawanci ƙarin ruwa ta jijiya ke wanke ƙodar kafin a kai ga maganar injin wankin ƙoda.

Na tambayi yaron launin fitsarinsa. Ya sunkuyar da kai don kunya, abokai na dariya, ya ce fari ne ƙal. Na taɓa goshinsa, ba zafi. Na ce ya mayar wa abokinsa ƙwayarsa, ya je ya ci waakye ya kwanta, ranar Litinin kuma ya cire rabin ƙarfen daga sandar, ya tsaya a seti biyu ko da Masta na kallonsa.